Awaki Sha Biyu a Takarda, Sha Huɗu a Mota

Zuwa ga Mai Girma, Mai Alfarma, Shugaban Ofishin Kula da Shingayen Kan Iyaka, uban masu tsayar da mota, wanda yaransa ke ɗaga hannu ɗaya tirela ta durƙusa.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da dukkan gangunan da ke tsaye a tsakiyar titi. Ni direba ne, shekarata ashirin da shida ina riƙe da sitiyari. A tasha Sannu-Sannu ake kirana, don ban taɓa wuce kowa a hanya ba sai mai keke. Na rubuto ne in yi godiya a kan hutun awa biyar da yaranka suka ba ni a shingen da ke gaban gada, hutun da ban nema ba, in kuma kawo 'yan ƙorafe-ƙorafe cikin ladabi.

Ga yadda aka yi. Surukata, mahaifiyar maiɗakina, ta sayi awaki goma sha biyu a tsallaken iyaka, ta ce ni zan ɗauko mata. Duk wanda ya san surukata ya san gara in dawo ba mota da in dawo ba akuya ɗaya. Na haɗa lasisi da inshora da takardar likitan dabbobi. 'Yata ta fari, wadda ta zama lauya bara, ta ƙara mini wata takarda a cikin leda, ta jera mini haƙƙoƙina a kai da manyan haruffa. Ta ce, "Baba, in an tsayar da kai ka kashe mota, ka yi magana da ladabi, sannan ka bi abin da ke nan. Ban da faɗa." Na ce ni da ko kaza ba na iya yi wa tsawa?

Na ɗaya. Ƙarfe tara na safe wani jami'i mai gashin baki ya jawo katako mai ƙusoshi gaban tayata. Na gaishe shi, na duba takardar 'yata, na tambayi dalilin tsayar da ni. Ya ce, "Ba ka ga ganga ba?" Na gani, ranka ya daɗe. Amma ina neman ƙarin ilimi: shin ganga ce dalili? In ita ce, me ya hana a ba ta kaki da hula, mu riƙa yi mata bayani kai tsaye?

Na biyu. Takardar ta ce ina iya tambayar sunan jami'i da lambarsa. Na kai ido ƙirjinsa, na tarar ya rataya tawul ɗin share gumi daidai kan sunan. Da na tambaya ya ce sunansa Hukuma. Na yi murna ƙwarai, don na daɗe ina jin labarin Hukuma, ban taɓa sanin tana da gashin baki ba.

Na uku. Ya karɓi lasisina ya zura a aljihu. Na ce, "Yallaɓai, in za a riƙe, a ba ni shaida a rubuce." Ya ce biro ya ƙare. Na miƙa nawa, ya ce ba na ofis ba ne. Sai ya nemi in buɗe masa wayata. Na ce, "Yallaɓai, ba abin da ke ciki sai kiran surukata guda tara, amma an ce mini sai da takardar izini." Ya kalli ledar hannuna kamar ta zage shi, ya ce in faka gefe in jira Oga, ya koma gindin bishiya ya kunna rediyo. Shin a wace makaranta ake koyar da wannan jiran? Rana ta take, awaki suna kuka, ni ina yi musu fifita da kwali, ina ɗebo musu ruwa a murfin bokiti.

Na huɗu, kuma nan ne babbar magana. Wajen ƙarfe ɗaya, wata jar akuya da tun safe take ta juye-juye ta kwanta a bodin mota ta haihu. Tagwaye, ranka ya daɗe, lafiyayyu. Ina cikin goge su da tsumma sai ga mai gashin baki ya zo bincike. Ya so ya hau shi kaɗai, na ce a yi a gabana, na bi shi. Ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, ya dubi takarda, fuskarsa ta washe kamar wanda aka yi wa ƙarin girma.

Ya ce, "Sha biyu a takarda, sha huɗu a mota. Baba, fasa-ƙwauri kake yi."

Na ce, "Yallaɓai, ko tsayuwa ba su iya ba tukuna."

Ya ce, "Ina takardar shigowarsu?"

Na ce, "Ba su shigo ba, a nan suka same mu."

Ya rubuto wata takarda, ashe biron ya farfaɗo, ya ce in sa hannu, za a riƙe mota da awakin gaba ɗaya. Na hango fuskar surukata, na hango kaina ina kwana a tasha har ƙarshen shekara. Amma na daure na ce ba zan sa hannu a abin da ban karanta ba, kuma zan kira lauyata. Ya yi dariya ya ce direba da lauya? Na kira 'yata, na ƙara muryar wayar yadda zai ji. Ta gaishe shi da kyau, ta tambayi lafiyar aiki, sannan ta roƙi sunansa da lambarsa da lokacin da aka tsayar da mahaifinta. Ranka ya daɗe, tawul ɗin nan da kansa ya sauka daga ƙirji.

Ana haka Oga ta iso, ashe mace ce, 'yar gajeruwa mai tabarau. Ta leƙa bodi, ta ga jarirai jiƙe suna laluben nono, ta tambayi tun yaushe nake nan. Da ta ji, ta cire tabarau ta yi dariya har ta dafa mota. Ta ce da yaronta, "In ka ƙara masa awa biyar ai garke zai kai gida." Ta sa ya mayar mini da lasisi, ta rubuta a bayan takardar likita cewa biyu an haife su a shinge, ta buga hatimi. Ina roƙon a ƙara mata girma, in da hali a ƙara mata kujera mai laushi.

Na biyar roƙo ne. A kafa allo a kowane shinge, a rubuta abin da direba zai yi da abin da jami'i zai yi. Ba kowane direba ne ya haifi lauya ba. Allon zai amfani yaranka su ma, ga shaida.

Makon jiya na sake bi ta wurin. Mai gashin baki ya tsayar da ni, ya faɗi sunansa da lambarsa tun ban buɗe baki ba, sannan ya sunkuyo ta taga ya rage murya. Wai ya ɗauki hutu ya tuƙa iyalinsa zuwa tsallake, jami'an can suka ajiye shi a rana tun hantsi har yamma, ya tambayi dalili suka nuna masa ganga. Ya ce, "Baba, don Allah ara mini takardar nan ta 'yarka in kwafa."

Na ara masa, ranka ya daɗe. Amma sai da ya ba ni shaida a rubuce.

Ina durƙushe ina neman afuwa in na yi tsawon baki. Allah ya ja zamaninka, ya ƙara wa gangunanka lafiya.

Naka mai biyayya a kowane shinge,

Sannu-Sannu Direba,
mahaifin lauya, ungozomar awaki.