Rasuwar Zagayau, Keken Saƙar Safa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannuwan da har yau ba su san abin da za su yi da kansu ba, Mai Safa da maigidanta da mahaifiyarta suna sanar da 'yan uwa, da maƙwabta, da duk wanda ya taɓa zura ƙafa cikin aikin gidan nan, rasuwar abokin zamansu, keken saƙar safa da aka fi sani da Zagayau. Ya cika a kan teburinsa na gefen taga, bayan gajeriyar jinya, da rabin safa a bakinsa.

Ba wanda ya san shekarunsa. Mai Safa ta same shi ne a hannun wata tsohuwar tela da ta rufe shago, ita ma telar gadonsa ta yi. Ga wanda bai taɓa ganinsa ba, ƙarfe ne ɗan dunƙule, bai fi tukunyar miya girma ba, da ganga mai tsagogi a tsakiyarsa, kowace tsaga da allurarta a tsaye, ga hannu a gefe da ake juyawa. Kana juyawa, allurai na hawa da sauka bi da bi, safa na zubowa ta ƙarƙashinsa. Farkon zuwansa sai da ya gasa wa Mai Safa aya a hannu. Ta yi kuka, ta yi rantsuwar mayar da shi, ta kira shi da sunayen da ba za su shiga sanarwa ba. Daga baya suka fahimci juna, har ya zama ko ido rufe ta san abin da yake so.

Marigayin mai ƙana'a ne. Bai taɓa neman wutar lantarki ba, a kawo ko a ɗauke, shi dai a juya shi. Bai da yawan magana. In yana cikin jin daɗi sai ka ji "cakas-cakas-cakas" tun daga bakin ƙofa. In maƙogwaronsa ya bushe ya ce "ƙiii", a ɗiga masa mai. In allura ta karye kuwa "ɗas" ɗaya yake yi, ya yi tsit, ya bar ka da neman guntun. Ya rufa wa ƙafafu da yawa asiri: masu gadi, da ma'aikatan jinya masu yini a tsaye, da tsofaffin da robar safar kanti ke yanka musu ƙwauri. Amma ba za a yi masa ƙarya don ya mutu ba. Yana da zaɓen zare kamar yaro da abinci, kuma in ka manta ba ka rataya masa nauyinsa ba, zai zubar maka da saƙar gaba ɗaya a cinya, ko kunya ba ya ji.

Ya rasu ya bar iyali masu yawa, don Mai Safa ba ta taɓa jin an ce wani abu na da amfani ga keken safa ta ƙyale shi ba. Babbar matarsa ita ce faifan saƙa bakin safa, wadda ake ɗora masa a ka in za a yi bakin nan mai kama ƙafa. Zamansu bai taɓa yin daɗi ba, kullum sai an yi sulhu da sukudireba kafin allurarta ta yarda ta gaisa da tasa, amma ga ta yau a kwance cikin tsumma, ba ta da wanda za ta yi wa taurin kai. Ya bar duwatsun nauyi, ƙarafan nan da ake ratayawa a ƙasan saƙa don ta miƙe, manya da ƙanana, da ƙugiyoyin diddige masu haƙora. Ya bar hular farawa, wadda da ita ake kama allurai a soma kowace safa, ta tsufa duk ta yi huji, amma Mai Safa ta ƙi canza ta, wai ta fi sabuwa albarka.

Akwai kuma keken naɗin zare, ƙaninsa, wanda lafiyarsa ƙalau, yana ta naɗe zare ba mai ci. Akwai agogon ƙirga zagaye, da ya tsaya cak inda yayansa ya tsaya. Kwalbar mansa mai siririn baki tana nan, ita ce aka fi tausaya wa, don ita kaɗai ta san gaskiyar abin da aka yi. Sauran dangi sun haɗa da buroshin share ƙurar zare, da tsinken ɗauko saƙar da ta zame, da ɗan maganaɗisun tsintar allura, da fitilar tebur mai lanƙwasa wuya, da buhun zaren aro, wanda ake soma saƙa da shi a warware daga baya, mai launin da ba wanda zai sa a ƙafarsa. Sai marayun allurai sababbi, cike da gwangwani, waɗanda aka ajiye saboda ranar tsiya, ranar ta zo ta wuce ta kansu. Autar gidan kuwa ita ce safar ƙafar dama ta wani tsohon direba mai kumburin ƙafa, wadda aka gama, tana jiran 'yar uwarta ta hagu.

Game da ciwon ajali, mutane sun yi ta tambaya, ana ta ce musu tsufa ne. To, tsufa ne, amma akwai bayani.

Mahaifiyar Mai Safa, wadda kowa ke kira Inna, ta dawo gidan da zama a bana, bayan idonta ya yi rauni. Da ƙyar da siɗin goshi aka raba ta da ɗakinta. Ranar da ta shigo ma ba ta bari an kwance jakarta duka ba. Ta tura ta ƙarƙashin gado ta ce, "Ku ji da kyau. Ranar da na zama kaya a gidan nan, ranar zan koma inda na fito." Kowa ya san Inna ba ta faɗin magana don a lallashe ta. Mai Safa kuwa babu abin da take tsoro kamar uwarta ta koma zaman kaɗaici, tana lalubar ashana kusa da risho.

Shi ya sa Inna ta zama ba ta zama. Ta wanke abin da aka wanke, ta goge abin da aka goge, tukwane suka yi ƙyalli har suka fara sirancewa. Abu ɗaya ne ya tsone mata rai. Duk sanda ta bi ta gefen taga ta shafa Zagayau, sai ta ji maiƙo a yatsunta, ta yi tsaki ta ce, "Yarinyar nan ban san inda ta koyo ƙazanta ba."

Sai tafiya ta kama Mai Safa, ƙanwar mijinta ta haihu, ta je ta yi 'yan kwanaki. Tana fita, Inna ta kira surukinta. Shi maigidan mai gyaran famfo ne, mutumin kirki, ya kuma san sarai cewa ruwa da ƙarfen nan ba sa ga maciji. Amma a tarihin aurensa bai taɓa ce wa Inna a'a ba, ko ido ba ya iya haɗawa da ita.

"Yaron nan, kwance mini abin nan daga tebur."

"Inna, ai shi wannan mai ake..."

"Man ne zan raba shi da shi. Kawo baho."

Ya kawo baho. Shi ya kwance, shi ya ɗauka, shi ya zuba ruwan zafin da hannunsa, yana yi zufa na karyo masa. Inna ta jiƙa Zagayau da garin sabulu, ta bi shi da soson ƙarfe lungu-lungu, tana ce masa, "Sannu, bawan Allah, ka sha wuya." Ta ɗauraye shi, ta kife shi a bayan ƙofa ya tsane, aka mayar da shi tebur da ruwa kwance a kowace tsaga. Ta lulluɓe shi da zani mai kyau don 'yarta ta dawo ta ga abin mamaki.

Ta kuwa gani. Da Mai Safa ta ɗaga zanin, waje fes, yana ɗaukar ido, ciki kuwa allurai sun yi ja wur da tsatsa, kowace ta manne a tsagarta. Inna na tsaye a bayanta, hannu a ƙugu, tana murmushi.

"Ya kika gan shi?"

Mai Safa ta mayar da zanin a kansa. Ta ce, "Inna, ko ranar da aka ƙera shi bai yi wannan kyan ba. Allah ya saka."

Aka shiga jinya a ɓoye. In Inna ta shiga barcin rana, Mai Safa ta zauna da kwalbar mai da buroshi, tana ɗiga, tana lallaɓawa, tana zare alluran da suka yarda su fito. Har ya fara samun sauƙi, wallahi. Ta ɗora masa safar direban ta hagu, ya ja ta zuwa rabi yana nishi, sannan ya ƙame. Da an ba shi lokaci da mai, da wataƙila yau ba a rubuta wannan takarda ba. Amma maigidan, wanda abin ke ta cin ransa, ya ga dama ta samu da zai wanke laifinsa. Matarsa na shiga kicin, ya ɗauko babbar sifanarsa ta kwance bututu, ya maƙala wa hannun keken, ya danna da ƙarfin da yake danna famfon da ya shekara bai motsa ba.

Kalmar ƙarshe ta marigayin ita ce "ƙwas". Gangar ta tsage daga sama har ƙasa.

An kai shi wurin mai walda, ya juya shi, ya girgiza kai, ya ce irin wannan ƙarfen in ya ji wuta narkewa yake yi. An tambayi masu sayar da kayan keke, suka ce rabon da su ga irinsa tun suna yara. Mai Safa ta dawo gida ta shiga banɗaki, ta buɗe famfo don kada a ji, ta yi kukanta ta ƙoshi. Sana'arta ce ta tafi, ga alkawuran mutane jibge. Duk da haka ta fito ta ja wa mijinta kunne: ko da wasa, kada kalmar ruwa ta fito daga bakinsa a gaban Inna. Ya ce ai ko ƙishirwa yake ji, sai dai ya yi nuni da hannu.

Sai dai idon Inna ne ya yi rauni, kunnenta garau yake. Gidan da ya saba da "cakas-cakas" ya yi shiru, ta kuma iya lissafin daga yaushe. Wata safiya Mai Safa ta shiga kai mata shayi, ta tarar da jakar nan ta fito daga ƙarƙashin gado, a ɗaure tamau, Inna na zaune a gefenta da mayafi.

"Ni na kashe shi, ko?"

"Haba Inna, tsufa ne. Ya daɗe yana..."

"Ke, ni na haife ki. Tun kina rarrafe na san muryarki ta ƙarya. Ki kira mini mota."

Mai Safa ta ajiye kofin. Roƙo ba ya aiki a kan Inna, ta sani, kuka ma sai dai ya ƙara mata sauri. Sai ta fita, ta dawo da safar direban ta dama da dunƙulen zare, ta zube su a cinyar uwarta, ta ɗaure fuska.

"To, tunda kin sani, shi ke nan. Ku biyu kuka kashe shi, ke da surukinki. Shi zai nemo wani, ko zai shekara yana nema. Ke kuma ba inda za ki. Ga mutum can da ƙafa ɗaya a waje, bayansa akwai wasu. Ni da keke na iya, ban iya saƙar hannu ba. Wa zai yi?"

Inna ta kai hannu cinyarta. Ta laluba safar, ta bi diddigen da babban yatsa, ta juya ta ciki.

"Wannan ne diddigen da ake ta yi wa kirari? Mu da muka saƙa wa ubanki ba mu yi irin wannan kwaɓar ba. Wannan aikin ai ba ya son ido, yatsu yake so." Ta zame mayafin daga kanta. "Buɗe jakar nan, can ƙasa akwai tsinkayena. Ki jawo kujera. Ranar da kika iya diddige, na tafi."

Jana'iza za ta kasance kamar haka, in Allah ya yarda. Ba za a yi wa mamacin wanka ba, an riga an yi masa tun yana da rai. Za a shafe shi da ragowar man da ke kwalbarsa, a naɗe shi cikin hular farawa, a sa shi a akwatin katakon da ya zo da shi. Maigidan ne zai ɗauke shi shi kaɗai, tunda ya saba, ya ɗora shi saman kabad ɗin ɗakin aiki, inda aka hana sifana hawa. Iyalan da ya bari za su ci gaba da zama a aljihun tebur har a ga abin da Allah zai yi.

Ana karɓar gaisuwa a gefen taga, daga hantsi zuwa la'asar. Mai son kawo wani abu ya kawo zare, kada ya kawo sabulu. Masu jiran safa su ƙara haƙuri, aikin hannu ne yanzu, ana yi ana faɗa. A kuma yi wa Mai Safa uzuri in ba ta tashi ta tarbi baƙi ba. Tana kan darasi, Inna na dungure mata kai tana cewa ba ta taɓa ganin mai kan kwakwa irinta ba, kullum a koya mata diddige, kullum ta ɓata shi a wuri ɗaya. Wanda ya lura da yadda take ɓata shin, don Allah ya kama bakinsa. Ba za ta iya ba bana, baɗi ma ba ta da niyya.