Ƙwan Kazar Gwaggo

"...da gajiya? Ina masu yi wa ƙwai allura? An ce jiya har gwajin hawan jini kuka yi wa wani ƙwai."

Tela ne ya faɗi haka yana tsaye a ƙofar ɗakin gwaji na gidan ƙyanƙyasar kaji, rungume da kwando da ya lulluɓe da ƙyallayen ɗinki. Taubashiyarsa, 'yar kawunsa, ta ɗago kai daga teburinta. Shekara da shekaru yana yi mata dariyar wannan aiki, duk taron dangi sai ya ce ta yi karatun likita ta ƙare a asibitin ƙwai.

"Lafiya lau, sarkin ɓata yadi. Me ka ɓoye? Rigar wani ka sake yankewa?"

"Hanya ce ta biyo da ni."

"Hanya da kwando? Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Buɗe."

Ya buɗe. Ƙwai bakwai ne kwance a jikin gorar ruwan ɗumi. Muzuru ne ya kashe baƙar kazar nan mai tukku da safe, tana kwance a kansu. Ita kaɗai ta rage cikin irin kajin da mahaifiyarsa ta bari.

"Kazar Gwaggo?" Ta jawo kwandon gabanta. "To, ɗan hakin da ka raina! Ka kai su shagonka mana, ka ɗinka musu uwa."

"Na so in kwanta a kai da kaina, nauyi ya yi mini yawa."

"Da wannan tumbin ai sai dai a kwashe su da cokali."

Ta kashe fitila, ta riƙa haska kowane ƙwai da 'yar tocila. Tela ya matso, ya ga wata inuwa tana motsi a cikin ɓawo.

"Biyar na da rai, sun kusa fitowa," in ji ta. "Amma uwar ta tsufa, ƙwan ƙanana ne, ga sanyi sun sha. Zan ƙara musu abinci, su samu ƙarfin fasa ɓawo."

"Abinci? Ta ina? Ƙwai na da baki ne?"

"Ɗan tsakon ciki na da shi, kuma ya fi naka amfani. Ruwan sukari ne da sinadaran gina jiki. Ina zubawa cikin ruwan da yake kwance a ciki, ya haɗiye kafin ya fito."

"Wato tun ba a haife shi ba za ki koya masa kwaɗayi, irin na gidanku."

"Gidanmu da uwarka ta fito? Riƙe nan."

Ta miƙa masa ƙwai, ta goge gindin ƙwan mai faɗi da magani, ta huda 'yar ƙofa, ta ɗauko sirinji. Tela na ganin allurar sai ya ja da baya. Ya rintse ido, ya kau da kai.

"Kai! Mutumin da ke kwana da allura a baki?"

"Tawa yadi take shiga, ba marayu ba."

"Wanzami ba ya son jarfa. Tsaya cak, in ka saki ƙwan nan kai zan sa a na'urar ƙyanƙyasa."

Bai saki ba. Haka suka bi su biyar, tana liƙe kowace ƙofa da kakin zuma, yana ta salati a ƙasa-ƙasa. Ta jera su a ƙaramar na'urar ɗumi, nesa da ƙwan gidan, ta rufe.

"Za su rayu?" Wannan karon babu wasa a muryarsa.

"Rai na Allah ne. Amma na ga waɗanda suka fi su rauni sun fito suna tsiwa."

Ya share zufa da hularsa. "In sun fito, ɗaya naki ne, likita."

"Me ka ce? Kunnena ya toshe."

"Likita, na ce! Kada ki sa in maimaita."

"To zakara nake so. In sa masa sunanka, kullum in kore shi daga ɗaki da tsintsiya."

"In ya girma fa?"

"Ai ka sani, sabo da kaza ba ya hana yanka."

Tela ya fashe da dariya har da riƙe ciki. "Na sara miki. Amma ranar, ki ajiye mini cinya."