Bindigar Giris Ta Rasu a Bakin Bijimi

Da zuciya cike fal da baƙin ciki, da wani haushi da ba shi da damar furtawa, Mika'ilu mai giris, na ayarin masu aikin hanyar Ringim zuwa Dutse, yana sanar da 'yan'uwa da abokan aiki rasuwar bindigarsa ta giris. Ta cika a kakar nan, bayan gajeriyar jinya wadda ba ita ta jawo wa kanta ba.

Marigayiyar ta zo ƙasar nan a jirgin ƙasa, shekarar da layin dogo ya iso Ringim. Tare da wasu aka buɗe ta a akwati, 'yan gwangwani masu ɗaukar ido, kuma a kansu lebura suka yi rububi. Mika'ilu a bayan shanu ya tashi kafin ya ajiye sanda ya kama aikin Bature, don haka ya san ba a zaɓen dabba don kyan gashi. Ya ɗaga ta ya ji nauyi, ya danna hannunta ya ji ƙarfi, ya leƙa fatar cikinta mai tura giris, ya ce wannan ce. Masu ɗaukar idon ko damina ba su gani ba.

Kowace safiya, kafin a hura wa rola wuta, wato ƙaton injin nan mai daɓe hanya, marigayiyar kan bi gaɓoɓin rolar ɗaya bayan ɗaya tana ɗura musu giris. Ba ta da surutu. Abin da aka san ta da shi "cuf, cuf" ne kawai, har sai tsohon baƙin giris ya ɓullo ta gefe. Albarkacinta Mika'ilu ya sa kaki, mutane suka daina ce masa ɗan ruga, kuma ya rantse shi da bin saniya har abada.

Ciwon ajalinta daga wata ruga ta wajen Kiyawa ya taso, a hannun wani dattijo mai shanu. Sanarwar nan ba za ta kama sunansa ba, domin shi ya ba Mika'ilu 'yarsa Safiyatu, kuma mai kunya ba ya kama sunan suruki ko da ɗaki ya ƙone masa. Dattijon ya zo kallon rola. Kowa na mamakin injin, shi bindigar yake kallo, don bijiminsa ya kumbura ya ƙi shan jiƙon kanwa.

"Wannan abu naka," in ji shi, yana duban wani gefe, "zai kai magani har maƙogwaro. A ara mini zuwa gobe."

Mika'ilu yana da amsa cike da ciki. Kayan Gwamnati ne, kanwa na cin fata, kuma ba don bakin dabba aka ƙera ta ba. Abin da ya fito dai shi ne, "To, Baffa."

Aka juye girisinta a ƙasa kamar abin banza. Aka ɗura mata ruwan kanwa da zafinsa, aka cusa ta a bakin bijimi, shi kuma ya yi abin da bijimi ke yi da duk abin da ya shiga bakinsa. Bayan haka aka dirje ta da toka da yashi har tana sheƙi, aka dawo da ita tare da ƙwaryar nono ta godiya. Tun da aka ƙera ta ba ta taɓa yin kyau irin na ranar ba. Bakinta ya lotse, fatar cikinta ta ƙandare, da Mika'ilu ya danna ta sai ta ce "fuuu", iska zalla. Maganarta ta ƙarshe ke nan.

Ya yi ta cusa giris a gaɓoɓin rola da yatsa yana fatan ya shiga, bai shiga ba. Rola ta fara ƙara, gindin ƙafarta ya yi zafi, ta cije a tsakiyar hanya. Bature ya juya gawar a hannu, ya yi magana, Ashafa helma, wato shugaban lebura, ya fassara.

"Ya ce wa ya yi mata haka?"

"A ce masa ƙaddara ce," in ji Mika'ilu.

"Ya ce ƙaddarar nan haƙoran shanu gare ta. Ya ce ka faɗi suna, ko ka ajiye kaki."

Mika'ilu ya sunkuyar da kai, ya fara ɓalle maɓalli.

Marigayiyar ta bar rola ɗaya a kwance, da rabin gwangwanin giris, da tsumman da ake goge mata baki. Ta kuma bar Ashafa, wanda ya gaji aikin, ya zaɓo sabuwa daga sito saboda yana ganin fuskarsa a jikinta. Rabin girisin a rigarsa yake ƙarewa, rabi a ƙasa, rola kuwa sai dai ta ji labari. Ga masu tambaya, bijimin ya warke sarai, har ya yi ƙiba.

Ba za a yi mata sutura ba, ba kuma za a haƙa mata rami ba, don Bature ya ce a mayar da gawar sito a matsayin shaida. Za a ɗauke ta ranar Asabar da hantsi daga gindin rola. Zaman makoki a rugar dattijon za a yi, domin ya ji tausayin mijin 'yarsa da ya rasa aiki, ya ba shi sanda da garke. Shi dattijon ne zai zauna a kan tabarma yana karɓar gaisuwa, ana roƙon jama'a kada su tambayi sanadi a gabansa. Wanda ke son ganin Mika'ilu da kansa sai ya bi sawun shanu zuwa fadama, zai same shi a bayan bijimin.