Mariƙin Wayar Kyaftin Barrak

Da asubar Juma'ar nan, kafin in buɗe akwatin sifanuna, Kyaftin Barrak yana cikin gareji mai lamba ɗaya yana turara motarsa. Kasko a hannu, yana zagaya ta a hankali. Ya tura hayaƙi ƙarƙashin kujera, ya tura cikin hular kwano, ya ɗan russuna ya ba tayoyi nasu rabon. Duk Kuwait babu motar tsere mai ƙamshin tasa. Wannan kam ko maƙiyinsa ba zai musa ba.

Mutum ne da Allah ya yi wa baiwa. Wasu sai sun shekara goma suna ƙona taya kafin a kira su direbobi. Shi ya zama kyaftin ne ranar da tela ya gama ɗinka kalmar a bayan rigarsa. Rigunan tserensa uku, safar hannunsa a Italiya aka auna masa, ga jajayen takalma da ba ya yarda su taɓa ƙasa sai zai shiga mota. Mu ma'aikatan filin, a bayan idonsa Guguwar Zaure muke ce masa, don duk gudun da aka san shi da shi a zaune ya yi shi, a zauren hirarsa, da kofin gahawa a hannu. A gaban idonsa kuwa Bu Musa'id ne, ranka ya daɗe.

Ni sunana Subhi. Shekara sha tara ke nan ina duba motoci kafin a bar su su hau kwaltar filin. Aikina in cire duk abin da zai iya tashi a cikin mota in ta sha kwana: gorar ruwa, carbin da ke rataye a madubi, kwalin tishu. Ba na sauraron labari. Ina kama abu in jijjiga, in ya motsa in cire shi.

Ƙungiyar masu zuwa ranar Juma'a ƙa'idarta ɗaya ce: wanda ya fi kowa saurin zagaye filin shi ke da gareji mai lamba ɗaya. Garejin nan kaɗai ne mai na'urar sanyi da ƙofar gilashi. Sauran rumfunan kwano ne, in rana ta ɗaga ko sifana ba ka iya ɗauka da hannu. Da waya ake auna gudun. Direba ya kafa ta a cikin mota, manhajar ciki ta ƙirga masa lokaci, ya fito ya nuna wa jama'a. Kyaftin ya shekara biyu a garejin bisa minti ɗaya da daƙiƙa hamsin da takwas, wanda ya yi wata Talata da babu kowa a filin, kuma cajin wayarsa ya ƙare daidai kan layi. Ya shigo da doguwar kujera, da darduma, da ƙaramin firiji. Tun daga nan kowace Juma'a da dalilinta na ƙin hawa kwalta. Yau taya bai yi zafi ba. Wani makon taya ya yi zafi da yawa. Wata rana iska ce daga teku. Masanin taya irinsa ba ya wasa da ransa don ya burge jahilai.

Sai ga Dakta Lulwa. Likitar haƙori ce, ba ta da yawan magana, motarta ƙarama ce ruwan toka wadda ta girmi wasu 'yan ƙungiyar. Ta yi minti biyu da daƙiƙa huɗu, ta ɗauki hoton lokacin ta tura wa kowa, ta koma rumfarta ta ci gaba da shan shayi. Dattawan ƙungiyar suka yi shawara, aka wakilta Bu Sa'ud, tsohon matuƙin jirgin ruwa, ya gaya wa Kyaftin cewa ranar Juma'a ko dai a ga minti ɗaya da hamsin da takwas ɗin a rubuce, ko a zo a taya shi fitar da doguwar kujera.

Kyaftin ya yi dariya irin ta manya. Ya ce ba rubutu kaɗai ba, kai-tsaye za su kalla. Zai kawo babbar talabijin ya kafa a garejin, wayar ta riƙa aiko da hoton fuskarsa da lokacin tare, yara su koyi yadda ake riƙe sitiyari. Abin da ya rage kawai shi ne a zaɓi abin da zai riƙe wayar.

Ranar Laraba ya zo teburina. Na nuna masa irin wanda nake sa wa kowa: ƙarfe ne mai baki biyu, ana matse shi da noti huɗu a jikin ƙarfen kariya da ke cikin mota, sannan a ɗaure wayar da siririyar igiyar ƙarfe ko da tsautsayi. Ba shi da kyau. Fentinsa ma ya kwaile. Irinsa ne a motar Dakta Lulwa tun zuwanta, bai taɓa motsi ba.

Ya ɗaga shi da yatsa biyu kamar ya tsinci mataccen ɓera.

“Usta Subhi, wannan ai na ɗaure akuya ne. Kai makanike ne, ƙarfe ka sani, ban ga laifinka ba. Amma kimiyya ta wuce noti. Bari ka ga abin da masu ilimi ke amfani da shi.”

Ya buɗe wani akwati mai shimfiɗar karammiski. A ciki ga mariƙin, baƙi wul, da zoben ruwan zinariya, da faffaɗar roba a gindi wadda ake dannawa ta tsotsi gilashi. Ya yi mini bayanin rabin awa. Ya ce wata uku ya yi yana bincike. Ya ce irinsa ake sawa a jiragen yaƙi, kuma a duk ƙasashen Larabawa mutum biyu ne ke da shi, ɗayan ma bai iya amfani da shi ba. Na ce masa robar nan tana riƙewa in gilashi ya bushe kuma da sanyi, amma gilashin gaba a filin nan ƙarfe takwas na safe ana iya gasa burodi a kai. Ya dafa kafaɗata, ya ce shi ya sa yake sona, ina da tsoro irin na mutanen kirki.

To, ga mu ranar Juma'a. Ƙarfe bakwai garejin ya cika. An kafa talabijin, an jera dabino da gahawa. Kyaftin ya fito da kwalbar man turaren oud, ya bi baƙinsa ɗaya bayan ɗaya yana ɗiga musu a bayan hannu, kamar yadda mai gida na gari ke yi. Turaren mai kauri ne kamar zuma, kuma bai yi rowa ba. Da ya gama da mutane sai ya ɗago mariƙin wayar sama don kowa ya gani.

“Jama'a, ni duk abin da zai shiga motata baƙona ne. Baƙo kuwa ba ya shiga wurina bai sha turare ba.”

Aka yi tafi. Ya ɗiga man a jikin mariƙin, ya murza da yatsu sama da ƙasa, har ya bi bakin robar ya zagaye ta tsaf don kada ta ji an ware ta. Sannan ya danna ta a gilashi.

Na matsa kusa na ce masa a hankali ya bari in goge robar da gilashin, mai da roba ba sa shiri. Ya ce da ƙarfi, don baƙi su ji, wai Usta yana so ya wanke oud da sabulu. Aka yi dariya. Na kama mariƙin na jijjiga. Cikin sanyin garejin bai motsa ba, ni kuma abin da hannuna ya gaya mini da shi nake aiki. Amma na ɗauko igiyar ƙarfe na ɗaure wayar a jikin madubi, na ce ba tare da wannan ba babu inda za shi. Ya yarda cikin karamci.

Ya sa jajayen takalma. Ya sa hular kwano mai ƙamshi. Motar ta fita, muka juya ga talabijin. Ga fuskarsa ta cika allo, ga lokaci a kusurwa. Abin da na fara lura da shi, babu igiyar. Ashe ta ratsa ta gaban hancinsa a hoton, shi ya sa ya tsaya a bakin fita ya kwance ta. Na duba agogo, takwas da kwata. Na nemi wuri na zauna.

Ya haye layin farawa yana jawabi. Yana gaya wa matasa cewa tsoro ba ya shiga mota tare da shi, a waje yake barinsa da takalman gida. Kwana ta farko lafiya. Ta biyu lafiya. A ta uku, doguwar nan mai kunyoyin siminti a gefe, sai fuskar Kyaftin ta fara hawa sama. A hankali, ba gaggawa. Idanu suka fita daga allo, muka ga haɓa. Haɓa ta tafi, muka ga wuya, sai kalmar Kyaftin a ƙirji, sai tumbi. Robar tana gangarowa a gilashin kamar katantanwa. Sai allo ya juya, aka ji ƙwal.

Waya in ta shiga ƙarƙashin birki, ba gareji ake rasawa ba, rai ne. Allah ya taƙaita, ta maƙale a gindin kujera, idonta yana kallon gaba. Hoto ya dawo tar. Ga jajayen takalma, ga totur, ga birki.

Motar ta shiga doguwar miƙaƙƙiyar hanya, inda kowa ke take totur har ƙasa. Takalmin dama ya ɗan taɓa totur kamar mai gwada zafin ruwan wanka, ya koma kan birki. Ya sake leƙowa, ya sake komawa. Bu Sa'ud ya ciro carbinsa, duk takun birki ya ja ƙwaya ɗaya.

Kyaftin kuwa a zatonsa wayar ta mutu. Jawabi ya ƙare, addu'a ta fara. Ya kira sunayen Allah masu yawa, wasu ma ban san ya sani ba. A kwana ta bakwai ya kira mahaifiyarsa. Da ya fito daga cikinta da rai, sai muka ji ya sauke numfashi, ya fara shawara da kansa, muryar tana fitowa a lasifika sarai.

“Alhamdu lillahi da ta faɗi. Zan ce taya. A'a, taya na ce wancan makon. Iska? Yau babu iska. Yashi. Zan ce yashi a kwana ta bakwai.”

Lokaci ya tsaya a minti biyu da daƙiƙa talatin da ɗaya. Bu Sa'ud ya duba carbinsa ya ce ashirin da shida.

Motar ta shigo da ƙara, don a nan kam ya taka totur. Ya fito, ya cire hula, ya girgiza kai irin na jarumin da ƙaddara ta cuta. Ya tsaya ya ba talabijin baya. Ya ce abin takaici wayar ta faɗi, amma jikinsa agogo ne, ya ji minti ɗaya da hamsin da bakwai a ƙashin bayansa. Ya ce da ma ya fi haka, ba don wani yashi da ya kwanta a kwana ta bakwai ba, wanda ya kamata hukumar filin ta ji kunyarsa.

Dakta Lulwa ta ajiye kofinta.

“Yashin ka zaɓa ke nan, Bu Musa'id? Ni na ɗauka tayar za ka maimaita.”

Ya juya. A allo ga totur da birki suna hutawa, ga lokacin a kusurwa da manyan lambobi. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce kamfanin da ya ƙera mariƙin zai ji daga lauyansa. Ya ce manhajar tana da matsala da zafi. Ya waiwayo ya ce ni ne ban duba da kyau ba. Na zura hannu a aljihun ƙofar motarsa na ciro igiyar ƙarfen, na ɗora a kan tiren dabino, na koma wurina.

Mutum huɗu suka ɗauki doguwar kujera. Firijin ni na tura. Kafin a kira sallar Juma'a ƙaramar mota ruwan toka tana shan sanyi a gareji mai lamba ɗaya, Dakta kuma ta bar ƙofar a buɗe wai ƙamshin ya yi mata yawa. Kyaftin ya samu rumfa ta goma sha ɗaya, kusa da inda muke tara tsofaffin tayoyi.

Ina haɗa kayana sai na ga inuwar Kyaftin a kan teburina. Bai gaishe ni ba, bai kuma kalle ni ba. Ya nuna ƙarfen ɗaure akuya da haɓa, ya tambaya ko ana iya kafa shi yadda ko sama da ƙasa za su haɗe wayar ba za ta kalli ƙafa ba. Na ce abin da aka yi shi don shi ke nan. Na bi shi rumfar, na matse mariƙin a jikin ƙarfen kariya, na ja noti huɗu har sai da sifana ta yi ƙara, na ɗaura igiya. Na jijjiga, motar gaba ɗaya ta girgiza, mariƙin bai motsa ba.

Na ga ya sa hannu a aljihu. Ban hana shi ba, noti ba ya ƙin mai. Na ɗauki akwatina na tafi, da na waiwaya daga bakin ƙofa yana durƙushe a cikin motar, gumi yana ɗiga daga haɓarsa, yana bin notukan nan ɗaya bayan ɗaya yana shafa musu turare.