Ɗana da Kuka Ƙi Don Ya Yi Ladabi

Zuwa ga Mai Girma Daraktan Kamfanin Jiragen Sama na Balbela, Yamai, Allah ya ƙara maka nisa da ƙasa.

Bayan gaisuwar talaka ga manya, ni ne uban dogon saurayin nan na Tawa da kuka maido bara. Ɗan farina ne, ba ni kama sunansa, amma kun san shi.

Na ɗaya. Kun yi shela a rediyo cewa tunda mun samu mulkin kai, kuna neman ƴan ƙasa ku koya musu tuƙin jirgi: mai takardar lakwal, wato makarantar boko, mai kaifin ido, mai sanyin rai. Ya ci lissafinku. Lokotoronku ya leƙa shi har cikin kunne, bai ga kome ba.

Na biyu. Ranar ganawa ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai. Kuka ce matsoraci ne. Ranka ya daɗe, mi kuke so? Ya ƙura wa Darakta ido kamar saniyar sayarwa?

Na uku. Kun tambaye shi: in babban matuƙi, mai furfura, ya nufi dutse da jirgi, ya zai yi? Ya ce zai yi gyaran murya. In bai gane ba, ya nemi wani dattijo tsaransa ya yi masa magana a gefe. Ni na koya masa haka, kuma duk Adar ba wanda zai ce ya yi kuskure. Na yarda dattawan aike ba su da yawa a sama. Amma laifin yaro ne?

Na huɗu, wanda ya sa na ɗau alƙalami. Ya dawo ya rantse sai ya ci ganawa ta gaba, kuma a kaina yake gwaji. A kasuwar Takanamat, gaban jama'a, ya dube ni cikin ido ya ce bijimin da nake ciniki tsoho ne. A hanyar Affala ya ce na ɓata hanya. Da liman ya yi mantuwa a sallar la'asar, ana ta subhanallahi, shi sai da ya bi bawan Allah har gida da bayani. Abin takaicin ma, duk gaskiya ya faɗa. Uwarsa Zalika ta daina zuwa suna don kunya.

Don haka ina roƙon alfarma, ku aiko a ɗauke shi, ya cika sharaɗinku har ya zarce. A sama wannan hali zai ceci rayuka. A gidana kuwa, wallahi kewar ɗana nake yi, alhali ga shi zaune gabana yana kallona.

Naka mai biyayya, da kai a sunkuye,

Tanimu Ciɗo, Tawa, 1964