Rasuwar Hajiya Jira-Kaɗan, Kwamfutar Shagon Alhaji Badaru

Da zukata cike da baƙin ciki, wanda dai bai hana kowa cin abincin rana ba, iyalan Alhaji Badaru mai atamfa na Kasuwar Kilomita Biyar a Bangui suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutarsu, wadda aka fi sani da Hajiya Jira-Kaɗan. Ta cika ranar Litinin bayan azahar, a ɗakin ajiya na bayan shago, tsakanin dilolin atamfa da jarkar man janareta. Wannan ne abu na farko da ta taɓa yi da sauri.

Marigayiyar ta zo daga Duwala a bayan babbar mota, bayan ta gama tsufa a ofishin wasu. Sha'aibu, babban ɗan Alhaji, shi ya kawo ta, a shekarun rikici da fita daga unguwa ta zama sayar da rai, shigowa ma haka. Matan sauran unguwannin Bangui sun daina tsallako gadar shigowa unguwar su zo su murza zane. Alhaji ya fara zancen kwashe iyali zuwa Garwa-Bulai a Kamaru, kamar yadda maƙwabta suka yi. Sha'aibu ya ce a dakata, zai ɗora shagon kacokan a intanet daga cikin wannan kwamfuta. Mace ta zaɓi zane a wayarta, ɗan acaɓa ya kai mata bakin gada. Alhaji ya ce to, muddin Madam Solanj tana saye, za a zauna. Madam Solanj tela ce a unguwar Lakwanga, mai ɗinka wa ƙungiyoyin mata anko, kuma ita kaɗai ta rage cikin manyan abokan cinikinsa.

Babu wanda ya kula da marigayiyar kamar Zulai, ƙanwar Sha'aibu. Kullum da safe sai ta kakkaɓe mata ƙura. Ba so ba ne. A bayan shagon nan aka haifi Zulai, ba ta san wani gari ba, kuma ta san idan wannan akwatin ƙarfe ya gaza, mota za a hau. Ita aka ba wa amsa waya, tunda ta fi kowa a gidan iya Sango, yaren garin.

An shaidi marigayiyar da natsuwa. Ba a taɓa ganin ta cikin garaje ba. Tana da kunya ƙwarai, ba ta nuna wa baƙo fuska lokaci guda. Za a daɗe ana tuna muryarta, wuuu ɗin fankarta da ƙirit-ƙirit ɗin cikinta, wanda Sha'aibu yake cewa tunani take yi.

Ciwonta ya bayyana tun makon farko.

"Yaya, Madam ta ce ta buɗe shafin, ta ɗora ganyen rogo a wuta har ta sauke, hoto bai gama fitowa ba," in ji Zulai, kanta a ƙasa.

"Wayarta ce matacciya. Zo ki gani." Sha'aibu ya tsaya gab da marigayiyar ya taɓa wayarsa, shafi ya buɗe nan take. "Kin gani? Idan ba ki yarda ba, tsallaka gada ki gwada daga can."

Zulai ba za ta tsallaka ba, shi ma haka. Saboda haka duk gwajin da aka yi wa marar lafiya, a gefen gadonta aka yi shi, kuma kullum garau take.

Da ƙorafi ya yi yawa, Sha'aibu ya gano cutar da ta yi masa daɗin faɗa. Layin intanet na shagon ba shi da lamba tsayayya. Duk sa'ad da wuta ta ɗauke ta dawo, lambar ta canza, wuta kuwa ba ta wuni. Don haka ya yi rajista da wani kamfani na ƙasar waje mai riƙe wa shafi suna, kwamfuta tana sanar da shi sabuwar lamba. DDNS yake kiran abin, yana jan haruffan a baki kamar sunan magani. Ya ce 'yan kamfanin nan ne ke jawo nawar shafin. Ya bar su ya koma wasu, suna ya canza. Ya sake barin waɗannan, suna ya sake canzawa. 'Yan matan da suka haddace tsohon suna suka ɓace a hanya, saurin kuwa bai ƙaru ba.

Luqman, ɗan ƙanin Alhaji mai aiki a shagon intanet a Duwala, ya gwada daga can ya bugo waya. Ya ce sunan lafiyarsa lau. A cikin shago waya da kwamfuta ɗaki ɗaya suke, dole a ga sauri. Na waje kuwa sai hoto ya bi ta siririn layin shagon kafin ya same shi, ga hotunan manya-manya, an jibge su duka a shafin farko. A rage girmansu, a raba su shafi-shafi.

Alhaji ya karɓe wayar. "A rage atamfata? Kai yaro, a kasuwar nan ba a nuna wa mace zane a naɗe. Warware shi ake yi, ta ga saƙa, ta ga tambarin baki, ta san ba jabu ba ne. Kuma kaya a gaba suke zama. Mai tsohon kaya shi ke ɓoyewa a baya."

Sha'aibu ya gyaɗa kai, domin maganar Luqman ba ta yi masa daɗi ba. Aka ma ƙara sababbin hotuna, kowanne da Alhaji a tsaye yana riƙe da zanen a ƙirji, don a san shagon na mutumin kirki ne.

Ranar ajali, Madam Solanj ta kira. Bikin ranar iyaye mata ya matso, ƙungiyarta tana jiran anko.

"'Yata, na ga hular babanki, na ga goshinsa. Ki gaishe shi. Atamfa ce dai ba ta iso ba. Zan jira zuwa la'asar, daga nan sai cikin gari."

Babu wuta a lokacin, janareta ke aiki. Sha'aibu ya dubi na'urar daidaita wuta da marigayiyar take sha ta cikinta, ya ce ita ce ke shaƙe ta. Ya cire, ya jona ta kai tsaye. Kalmarta ta ƙarshe ita ce fat. Zulai ce ta buɗe taga don hayaƙi ya fita, ita ce kuma ta amsa wayar la'asar.

Ta rasu ta bar akwatin intanet mai ƙifta ido, da eriya a kan kwano, da sunaye marayu barkatai waɗanda ba sa kai kowa ko'ina. Ta bar Sha'aibu, wanda har yanzu yake cewa da an ba shi mako guda da an ga aiki. Ta bar Alhaji, wanda ya riga ya yi magana da direba.

Za a ɗauki gawa gobe da hantsi a cikin baro, a bi da ita ta titin Kuduku zuwa rumfar masu gyaran waya, inda za a cire abin da zai ciru. Ba a buƙatar rakiya. Maza masu ta'aziyya su zo shago da igiya, akwai dilolin ɗaurewa. A hanzarta kafin Alhamis, bayan nan ƙofa a rufe take. Mata za su sami Zulai a tsakar gida tana haɗa tukwane. Ana roƙon kada a ce mata Kamaru ma gida ne. An riga an faɗa mata.