Bakwai da Biyun Tanimu Kwatano

Wani mutum ne a layinmu, Tanimu, amma in ba ka ƙara da "Kwatano" ba, ko juyowa ba zai yi ba. Wata huɗu kacal ya yi a Kwatano yana wanke wa wani dillali motoci, yau shekara tara muna shan labari. Ga gashin baki kamar ƙahon sa, kullum yana murza shi da man kaɗanya. Ka zagi Tanimu ya yafe, amma ka taɓa gashin nan sai an kai ku gaban mai unguwa. Ni dai haushinsa nake ji, ba zan ɓoye muku ba.

To, Sallau mai aski ya koyo wani wasan karta a waya, wai shi foka, ya kawo mana shago. Ya ce ba a caca a shagonsa, don haka murafen lemo ake zubawa. Kowa a ba shi karta biyu a kife. Ka leƙa, in sun yi maka ka shiga, in ba su yi ba ka zubar. Sai a buɗe biyar a tsakiya, wanda haɗinsa ya fi ƙarfi ya kwashe murafe.

Gambo tela kwanansa uku da farawa. Sallau ya ce masa, "Kai sabon shiga ne, ban da kwaɗayi. In ka samu manya biyu, ko biyu iri ɗaya, ka shiga. Tarkace kuwa ka zubar." Gambo ya rubuta a bayan kwalin zare ya ajiye kan cinya. Bawan Allah sai a raba sau goma ya zubar da tara.

Ran Asabar bayan la'asar sai ga Tanimu. Ya tsaya a kan Gambo yana kallo, ya ja tsaki.

"Wannan wasa kake ko zaman makoki?"

"Koyo nake, Tanimu."

"Koyon tsoro dai. Ni da na zauna da manyan Labanawa a bakin teku, na tashe su ɗaya bayan ɗaya har wani ya yi kuka? Gwani ba ya zaɓen karta. Ko takardar ƙosai ka ba ni sai na ci ka da ita."

Gambo ya ce a hankali, "To in na cinye ka fa?"

Tanimu ya murza gashin baki. "Sallau ya sauke wannan a gaban kowa."

Sallau ya miƙe. Ya ɗauko injin aski ya hure shi, fuu, ya ajiye a kan tebur.

Aka raba murafe, aka fara. Duk abin da aka ba Tanimu shiga yake. Gambo ya duba kwali ya zubar, ya duba ya zubar, Tanimu na tsintar murafe ɗai-ɗai yana ƙyaƙyata dariya. Sau ɗaya Gambo ya shiga, ya dawo da abinsa har da riba. Tanimu ya ce sa'ar makaho ce.

Ina zaune a bayansa, ina ganin hannunsa. Aka ba shi sarki biyu. Sarki biyu fa, hannun da mutum kan wuni bai gani ba. Gogan ya yamutsa fuska ya wurgar.

Na ce, "Tanimu, lafiya?"

Ya ce, "Kaya ne. Manyan karta nauyi suke ƙara wa mutum. Ba za ka gane ba."

Nan jikina ya ba ni akwai magana.

Aka sake rabawa. Ya leƙa: bakwai baƙa, biyu ja. A duk wasan babu hannun da ya kai wannan lalacewa, shi ne na farko da Sallau ya hana Gambo shiga da shi. Amma fuskar Tanimu ta washe kamar an ba shi kujerar Makka. Ya tura murafensa gaba ɗaya tsakiya, kwaraf.

Gambo ya leƙa nasa, ya dubi kwali, ya sake leƙawa. Shi ma ya tura nasa murafen. Sarauniya biyu gare shi.

Sallau ya buɗe biyar ɗin. Babu bakwai, babu biyu, babu abin da ya haɗa dangi da Tanimu. Shi kuwa ya miƙe tsaye, ya gyara hula, ya ɗaga 'yar biyun nan sama ya maka ta a tebur, tas.

"Ɗauki biyu!"

Kowa ya zuba masa ido.

Gambo ya ce, "In ɗauki biyu daga ina?"

"Daga kasuwa mana. Ko dokar ma ba ka sani ba?"

Ashe tun ɗazu mutumin naku wot yake bugawa, irin wanda muka yi a firamare, inda biyu ke sa abokin wasa ya ɗebi karta daga tulin da ake ce wa kasuwa, manyan lambobi kuma su kayar da kai. Foka ko a mafarki bai taɓa ganinta ba. Wani direba da ke jiran aski ya yi dariya har ya zame daga kujera.

Tanimu ya fara, "A Kwatano dai..."

Sallau ya ce, "Zauna."

Mutum huɗu muka tare ƙofa. Aka ɗaura masa ƙyalle a wuya, inji ya ce zzzz, ɓangaren dama na gashin bakin ya zube a cinyarsa. Sallau na juyawa hagu aka ɗauke wuta.

Tanimu ya dubi madubi, murya ta koma ta ɗan akuya. "Sallau, don girman Allah ka ƙarasa da reza."

Sallau ya kwance ƙyallen ya karkaɗe. "Reza ta ƙare. Ka dawo Litinin."

Gidansa kuwa sai ka ratsa tsakiyar kasuwa, ga rana ba ta ko faɗi ba.